Ranar da Na Cire Takalmi a Matatar Wiski

Mun tashi da asuba daga gidanmu da ke unguwar Matar Ƙadim a Doha ranar Asabar, ni da 'yata ta fari, maigida yana tuƙi yana hamma. Satumba ce, kuma duk wanda ya zauna a Doha ya san ko da asuba garin bai huce ba, kafin ka kai bakin mota riga ta manne maka a baya. Mun tsaya wajen mai shayin kwanar layinmu, maigida ya danna hon sau biyu, aka miƙo mana shayin madara da ake kira karak kofi uku ta taga. Muka shanye kowa yana kallon gefensa. Mako biyu ke nan gidanmu yana haka, a gaisa, a ci abinci, kowa ya shige ɗaki da abin da ke ransa.

Bari in faɗa muku dalili, tunda da yawanku kun ga hotunan tumakin da na sa kun yi ta yi mini tsiya wai nas ta samu hutu ta tafi shan iska. Ina fa! Yarinyar nan tana karatun injiniyan sinadarai a Sikotland, kuma makarantarsu kan tura ɗalibai su yi shekara guda suna aiki a masana'anta. Ƙawayenta wata ta samu kamfanin magani, wata matatar mai. Ita kuwa da ta zo hutu sai ta ajiye mana takarda a kan tebur, wai matatar wiski ta ɗauke ta. Giya dai, jama'a. Kuma ba tura ta aka yi ba, da ƙafarta ta je ta nema. Babanta, wanda aikinsa gyaran na'urorin sanyaya gine-gine ne a Lusail, ya karanta ya ce shi a wurinsa bututu bututu ne, amma abin da uwarta ta yanke shi ke nan. Ni kuwa tun ban kai ƙarshen takardar ba na ce a'a.

Da ta yi mini tsawa ko ta buga ƙofa da ya fi mini sauƙi. Sai ta durƙusa ta ce, "Mama, in kin hana ni ba zan je ba. Amma ki zo ki ga wurin da idonki tukuna. Ranar Juma'a ta sama zan ba su amsa, ko e ko a'a." Yaya za ka yi da yaron da ya zo maka da ladabi? Na je asibiti na roƙi hutun kwana biyar, na ce a raina zan je in gani, in dawo da a'a ɗina yadda na tafi da ita.

A jirgi mun yi awa bakwai da ɗoriya. Ita ta yi barcinta, ni ido biyu. Akwai abin da ba ta sani ba, ku ma yau za ku fara ji. Ni 'yar wani ƙauye ce a kudancin Katsina, cikin Maguzawa, kuma Inna da ta haife ni burukutu take dafawa sa'ad da nake yarinya. Duk ranar kasuwa tsakar gidanmu cike yake da maza da ƙore. 'Yata ta tashi ta san kakarta tsohuwa ce mai sayar da daddawa, mai zama a bencin gaba a majami'a da zanen zumuntar mata. Ban taɓa gaya mata sauran ba. Na yi karatun jinya, na bar ƙauye, na bar Najeriya, na zo garin da za ka shekara ba ka ga mai tangaɗi a titi ba, na ce na gode Allah na tsallakar da 'ya'yana. Sai ga yarinya ta zagaya duniya ta dawo mini bakin tukunya.

Mun sauka a Edinbara da rana, amma ranar sai dai a agogo. Yayyafi ake yi mai siririn sanyi, rigar sanyin da na saya a Doha kuwa ashe ado ce kawai. Sai da 'yata ta ara mini wata ƙatuwar jaket, na shiga ciki na ɓace. Garin na dutse ne, baƙi-baƙi, hawa da gangara, motocin bas masu bene suna bin juna. Na sayi shayi kofi guda a tasha, da na mayar da kuɗin zuwa riyal a kaina sai na ga karak ɗin mako biyu ne na shanye, kuma bai kama ƙafar na layinmu ba. Turancinsu kuwa, ni da na yi shekara da shekaru ina aiki da likitoci daga ko'ina, direban tasi ya yi mini magana sau uku ina cewa na'am. Ranar Lahadi muka je sujada a wata majami'a mai girman gaske, mu da tsofaffi 'yan kaɗan. Abin ya ba ni tausayi, na tuna yadda muke matsatsi a majami'armu ta Doha ranar Juma'a, wadda ita ce ranar sujadarmu a can, har wasu su tsaya a waje cikin zafi.

Litinin muka hau jirgin ƙasa zuwa arewa. Mun haye wata doguwar gada a kan ruwa, daga nan gari ya ƙare, kore ya fara. Kowane tudu da tumakinsa, masu ƙiba kamar an hura su, kuma ba makiyayi ko ɗaya a bayansu. Gonakin sha'ir an gama girbe yawancinsu, an naɗe karan dunƙule-dunƙule an bari a fili. Da muka canja zuwa bas muka shiga wani kwari mai kogi, 'yata ta fara nuna mini wasu gine-gine masu rufi mai tsini kamar murfin kwano. Ta ce duk inda na ga wannan rufin, matata ce. Na ga ɗaya, na ga biyu, can dai na daina dubawa na mai da kaina ɗaya gefen.

Mun sauka a gidan wata tsohuwa da ke ba baƙi ɗaki. Da safe ta kawo mana kunun hatsinsu mai kauri, da gishiri maimakon sukari. Na yi cokali ɗaya na dubi 'yata, ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Akwai kuma wani abinci da suke alfahari da shi, kayan cikin tunkiya aka niƙa da hatsi da yaji. Tsohuwar ta tsaya a kaina tana jiran in tsorata, ba ta san da 'yar Katsina take magana ba. Na cinye na nemi ƙari, abin da ya rage masa kawai borkono.

Talata da hantsi muka isa matatar. Tana bakin wani rafi, fararen gine-gine tsofaffi, ko'ina a share. Ban san abin da na zata zan gani ba, wataƙila mutane kwance a gindin bango. Abin da na tarar sai ma'aikata da rigunan aiki, kowa na harkarsa. Aka haɗa mu da wasu baƙi kamar goma, wata mata mai jan gashi ta ja mu wani ɗaki ta fara ba mu tarihi. Na naɗe hannu a ƙirji don kada ma ta ɗauka na zo jin daɗi ne.

Abin da ya fara sauke mini hannu shi ne da ta ce dabarar tace abu da tururi ba tasu ba ce. Masanan ƙasashen Larabawa ne suka gyara ta tun da daɗewa, suna fitar da ruwan wardi da turare da magani. Na ce ikon Allah, ashe daga wajenmu na Doha abin ya taso ya zo nan ya canja hali. Daga can ta shiga Turai, masu zaman zuhudu a gidajen ibada suka riƙe ta don haɗa magani. Da ta iso ƙasar nan inda inabi ba ya yi, sai suka gwada da sha'ir, suka sa wa abin da ya fito suna ruwan rai da harshensu. Daga baya ta koma hannun manoma. Wanda sha'ir ɗinsa ya yi saura, maimakon danshi ya ruɓar masa da shi, sai ya dafa ya tace, dusar ya ba shanu. Matar ta ce a gidaje da yawa mata ne ke wannan aikin, tsakanin tatsar nono da renon yara. Na ji wannan, na yi kamar ban ji ba.

Sai gwamnati ta sa haraji, mutane suka kwashe tukwanensu suka shige duwatsu suna yi a ɓoye, masu karɓar haraji suna bin hayaƙi. An daɗe ana wannan ɓuya, har kimanin shekara ɗari biyu da suka wuce aka sauƙaƙa doka, masu ɓuya suka fito suka yanki lasisi. Wannan matatar ma, in ji ta, a nan bakin rafin wani manomi ya fara da tukunya ɗaya. Daga nan aka ƙirƙiro na'urar da ke tacewa ba tsayawa, jirgin ƙasa ya iso, 'yan kasuwa suka koyi gauraya na wannan matata da na waccan. Wani ƙwaro ya cinye gonakin inabi a Faransa, masu shan barasar can suka juyo nan. Yaƙe-yaƙe da lokacin da Amurka ta haramta giya sun rufe matatu da yawa, wasu suka sake buɗewa, yanzu har Japan da Indiya ana yi. Na ce a raina, wato tukunyar bayan ɗaki ce ta samu gata ta zama wannan.

Daga nan aka kai mu inda aikin yake farawa. Matar ta ce yawancin matatu yanzu sayen tsiro suke yi daga manyan kamfanoni, su kaɗan ne suka rage masu yin nasu da hannu. Ana jiƙa sha'ir kwana biyu, a baza shi a ƙasa ya tsira, ana juya shi dare da rana. Ta tura wata ƙofar katako. Ɗaki ne dogo mai gajeren rufi, daɓensa a shimfiɗe da hatsi daga bango zuwa bango, wani dattijo yana jan wani abu kamar manjagara a ciki. Amma kafin in ga wannan duka, warin ne ya fara isowa. Ɗanyen wari mai zaƙi-zaƙi, na hatsin da ya sha ruwa ya fara rai. Shekara talatin rabona da shi.

Ban san lokacin da na yi ba, Allah ya sani. A gidanmu doka ce, ba a taka inda aka baza tsiro da takalmi. Inna ba ta duka, amma a kan wannan ta taɓa zane ni. Sai ji na yi sanyin siminti yana ratsa tafin ƙafata. Na tuɓe takalmana a bakin ƙofa, na jera su gefe, na shiga da safa, su kuwa sauran baƙin duk suna tsaye da manyan takalmansu suna kallona. Tunda na riga na shiga, jikina ya ƙarasa abin da ya saba. Na durƙusa na tura hannu cikin hatsin har wuyan hannu don in ji ɗuminsa. Na ɗebo, na duba saiwar, na murje ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu. Gefenta ya murje fari, amma tsakiyar da sauran tauri. Na ce da Hausa, a fili, "Saura kwana ɗaya. Kuma nan gefen ya yi zafi, a juya shi kada saiwar ta sarƙe."

Dattijon ya jingine manjagararsa ya zo ya tambayi 'yata me na ce. Ta fassara masa, muryarta wata iri. Ya tura nasa hannun daidai inda na tura nawa, ya murje ƙwaya, ya ɗago ya dube ni da kyau. Ya ce gobe da safe ne zai kwashe shi. Ya ce shekara arba'in yana wannan aiki, baƙi suna zuwa kullum suna ɗaukar hoto, ba wanda ya taɓa gaya masa ranar kwashewa. Sai ya tambaye ni wa ya koya mini. Ina durƙushe, ga 'yata tsaye a kaina. Ƙarya ba ta zo mini ba. Na ce, "Uwata. Da dawa take yi." Ya gyaɗa kai kamar na ambaci wani abokin aikinsa, sannan ya ce in mai da takalmina kada sanyi ya kama ni.

Sauran zagayen na yi shi ne da idon yarinyar nan a ƙeyata. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban juya ba. Aka nuna mana inda ake busar da tsiron, a ƙarƙashin wancan rufin mai tsini, da hayaƙin wata baƙar ƙasa da suke haƙowa a fadama wadda ke ci da wuta. Inna a rana take shanyawa, su da ba su da rana sai wuta. Aka niƙa, aka zuba a wata ƙatuwar randar ƙarfe ana kwarara masa ruwan zafi har sau uku don a wanko zaƙin. Ruwan zaƙin a huce shi, a zuba a manyan gangunan katako, a sa yisti, ya kwana biyu ko uku yana kumfa. Matar ta ɗaga murfi ta ce mu leƙa a hankali. Ni ban leƙa ba, daga sautin kumfar na san inda ya kai. Har zuwa nan babu abin da suka yi wanda Inna ba ta yi da randa da rariya ba.

Inda suka rabu da ita shi ne ɗaki na gaba. Tukwanen jan ƙarfe ne, kowace ta kusa taɓa rufi, masu faɗin gindi da dogon wuya a lanƙwashe. A nan ake dafa ruwan, barasar ta riga ruwa tashi ta zama tururi, ta bi wuyan, ta huce ta koma ruwa. Sau biyu ake yi. A nan ne 'yata ta fara magana, a hankali, kusa da kunnena. Ta nuna mini wani akwatin gilashi mai kwaɗo inda ruwan ke zuba fari tas. Ta ce na farkon da ke fitowa ba a sha, akwai abin cutarwa a ciki, na ƙarshen ma ba a so, na tsakiya kaɗai ake ɗauka, kuma sanin inda za a yanke shi ne aikin. Wannan na fahimta sarai, don na taɓa jinyar mutanen da ogogoron da aka dafa ba ilimi ya makantar. Ta ci gaba da bayanin yadda take son a rage wutar da ake ƙonawa da ruwan da ake zubarwa, hannayenta suna ta yawo a iska. Rabon da in ga fuskarta haka tun tana firamare. Na ji daɗi, kuma na ji haushin jin daɗin.

Ƙarshe aka kai mu rumbun ajiya, duhu da sanyi, gangunan itace jere har inda ido ya ƙare. Doka ta ce sai ruwan ya shekara uku a ganga kafin a kira shi wiski, wasu kuwa sun girmi 'yata. A nan yake samun launi da ƙamshi. Kowace shekara kaɗan yana tsotsewa ta jikin katakon ya bi iska, wai rabon mala'iku suke ce masa. Na ce Allah ya shirye ku, mala'iku kuma? Aka kawo ɗanɗano a ƙananan kofuna, ni da 'yata muka ce mun gode. Matar ta miƙo mana wasu 'yan kwalabe wai mu tafi da namu gida. Na ce baiwar Allah, Doha zan koma, so kike a tare ni a filin jirgi kafil ɗina mai ɗaukar nauyin zamana a can ya ji labari? Kalas, magana ta ƙare, riƙe abinki.

Da muka fito ruwan ya ɗauke. Muka zauna a wani benci a bakin rafin. Mu ba mu saba zama da ɗan fari a yi hira irin ta zuciya ba, ko sunanta ban iya kira a gaban mutane. Amma ranar na faɗa mata. Na faɗa mata yadda muke tashi jiƙa dawa, yadda Inna ke rufe tsiro da ganye, yadda warin ke bin kayan makarantata har 'yan aji su riƙa toshe hanci suna ce mini 'yar mai burukutu. Na faɗa mata yadda Baba ya sha har cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, ya rasu ina aji uku a sakandare. Sannan na faɗa mata wanda ko babanta bai sani ba. Ranar da aka share makoki na tsaya a tsakar gida, gaban mutane, na ce wa Inna tukunyarta ce ta kashe shi. Washegari ta kife tukwanen a bayan ɗaki, ba ta sake hura musu wuta ba. Daga ranar har yau ni da ita ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Yarinyar ta yi kuka, ni ma na yi. Da ta share ido ta ce, "Mama, yanzu na gane. In a'a ce, ba zan riƙe ki a zuciya ba." Na so in ce mata a'a ɗin a wuce wurin, bakina ya ƙi. E ɗin ma ta ƙi fitowa. Na ce ta bar ni in koma gida, kafin Juma'a za ta ji ni.

Laraba muka komo Edinbara, ta raka ni filin jirgi, na mayar mata da jaket ɗinta. Na sauka Doha ranar Alhamis. Ƙofar filin jirgi na buɗewa zafi ya rungume ni, kuma karon farko a rayuwata na ji daɗinsa. Maigida ya ɗauko ni, ya dube ni sau ɗaya bai tambaye ni komai ba, mutumin nan akwai hankali. Da la'asar sakaliya na ce ya kai ni Kornish, bakin teku. Ya ce yalla, mu je. Ya zauna a mota, ni na taka zuwa inda jiragen katako suke ɗaure, masu motsa jiki suna wuce ni, na kira wayar ƙanena a ƙauye na ce ya kai wa Inna.

Mun gaisa, ta tambayi maigida da yara da aiki. Na ce, "Inna, jikarki ce take son ta yi aiki a inda Turawa ke dafa giya." Sai na ji ta ce, "Da dawa?" Na ce da sha'ir. Ta ce kwana nawa suke jiƙawa, na ce biyu. Da me suke rufewa, na ce ba sa rufewa, ƙasarsu da sanyi. Ta ce to ai sai sun riƙa juyawa. Muryarta ta canja, ta koma ta matar da na sani ina yarinya. Na ba ta labarin dattijon da yadda na gaya masa saura kwana ɗaya. Ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Ashe kina kallo."

Na ce, "Inna, tsoro nake ji. Kin ga yadda Baba ya ƙare." Ta ce, "Babanku ai shekara biyu kafin ya rasu ban zuba masa ko ludayi ba. Tun da na ga idonsa ya canja na hana shi. Na kwalba yake zuwa sha a gari." Na dafa ƙarfen bakin ruwa. Na ce me ya sa ba ta faɗa mini ba, ta bar ni na yi mata wannan magana a gaban jama'a. Ta ce, "Kina kuka, ubanki ya mutu. Da wa kike so in bar ki ki yi fushi, da shi?" Na ce ta yafe mini. Ta ce in daina ɓata kuɗin waya, ta yafe tun kafin in rufe baki ranar. Na tambaye ta to yarinyar fa. Ta ce, "Ni ba zan ce miki abin kirki ne ko ba na kirki ba, na ga wanda ya sha ya tafi gona, na ga wanda ya ci shi. Amma yarinyar da ta tsaya jiran izininki alhali tana wata ƙasa, ba ita ce abin jin tsoro ba."

To jama'a, abin da na ɗauko daga tafiyar nan ke nan, ba tsaraba mai yawa ba ce. Ra'ayina game da giya bai canja ba, na yi jinyar hanta da yawa, kuma na faɗa wa yarinyar wannan ba ɓoye-ɓoye. Abin da na gane shi ne a'a ɗin da na tafi da ita ba don 'yata na yi ta ba. Hukuncin da na yanke wa uwata ina 'yar shekara goma sha biyar, ba tare da na tambaye ta komai ba, shi na ɗauko zan sake yanke wa 'yata, ita ma ban tambaye ta ba. Sai da na je ƙarshen duniya wani tsoho Bature ya tambaye ni wa ya koya mini, sannan na iya cewa uwata da bakina ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Na daɗe a tsaye har fitilun ƙetaren ruwa suka fara kamawa. Sannan na buɗe waya na rubuta wa yarinyar: "Ki ba su amsa, ki je, Allah ya yi miki albarka. Kirsimeti kuma ba a Doha za mu yi ba, gida za mu. Kakarki tana da tambayoyin da ni ban iya amsa mata ba." Na karanta sau biyu, na tura mata tun Juma'a ba ta zo ba.